Rariya Biyu: Yadda Nake Tace Saƙonnin Layin CAN da Manhaja Idan Matatar Aisi Ta Kasa

Bara, ana saura kamar wata guda a kama azumi, wani Alhaji da nake kula masa da wutar motocinsa ya same ni a warsha, nan sina'iyyar Jidda. Motocin safa gare shi masu jigilar 'yan Umara tsakanin Jidda, Makka da Madina, kuma ɗaya ta taɓa ƙone gaskit a hanyar Hijira don direba bai lura allurar zafi ta hau ba. Ya ce da ni, "Malam, so nake ina kishingiɗe a gida in san zafin kowane inji, da gudun motar, da man da ya rage a tanki." Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan ai ba wani aiki ba ne. Motar da bakinta take faɗin duk waɗannan, namu sauraro ne kawai." Bakina ne ya yi sauri. Sauraron ba wuya, tsinto abin da kake so a cikin hayaniya shi ne aikin.

Ni asalina mai wayarin mota ne, a Ƙofar Ruwa ta Kano na koyi sana'a kafin in zo ƙasar nan. Rubuta manhaja da girmana na tsince shi, yawanci a hannun ɗan yayata da ke karatun kwamfuta. Don haka bayanin na bakin benci ne.

Motar zamani ƙwaƙwalwa gare ta barkatai: ta inji, ta giya, ta birki, ta dashbod, ta esi. Dukkansu a kan waya biyu murɗaɗɗu suke magana, wato layin CAN, tsarin da kamfanin Bosch na Jamus ya fito da shi a 1986. A layin nan babu raɗa. Duk wanda ya yi magana kowa ya ji, kamar mai shela a kasuwa. Kowane saƙo yana da lambarsa a goshi, sai bayani da bai wuce bayit 8 ba. Bit shi ne 0 ko 1 guda ɗaya, bayit kuma bit 8 ne. Lambar iri biyu ce: gajeriya mai bit 11, wadda ba ta wuce lamba 2,048 ba, da doguwa mai bit 29. Ƙananan motoci galibi gajeriya suke amfani da ita, a gudun bit 500,000 a sakan. Manyan motoci da safa suna bin tsarin J1939, doguwar lamba, yawanci a bit 250,000.

Ka yi wannan lissafin tun kafin ka taɓa waya. Dogon saƙo mai bayit 8 yana cin aƙalla bit 131, har da ɗan tazarar da ke tsakaninsa da na baya. A gudun 250,000 ke nan maikirosakan 524, rabin milisakan da ɗan ɗoriya. In layin ya cika maƙil, saƙo kusan 1,900 ne ke wucewa a kowane sakan. Ni kuwa iri shida ko bakwai nake nema. Na zafin ruwan inji ma sau ɗaya tak yake zuwa a sakan.

Saboda haka ne masu ƙera aisi, wato ɗan guntun lantarkin (IC) da ke karɓar saƙon, suka sa masa matata a jiki. Wanda ya taɓa bin hanyar Makka lokacin aikin Hajji ya san shingen Shumaisi. Askar ba ya karance takardarka daga sama har ƙasa, akwai gurabun da idonsa ke zuwa, in sun yi daidai ka wuce. Haka matatar take, abu biyu gare ta. Akwai samfur, wato lambar da ake so a gani. Akwai kuma maski, wanda za ka ɗauke shi kamar kwali mai huji da aka ɗora a kan lambar: inda bit ɗinsa yake 1 akwai huji, dole a duba, inda yake 0 a rufe yake, ko me ke ƙasa babu ruwan kowa.

Misali mafi sauƙi shi ne na sikana, na'urar gano laifin mota. Idan ka tambayi ƙaramar mota ta soket ɗin OBD, inda ake jona sikanar, a kan lamba 0x7DF, amsoshi suna dawowa a kan 0x7E8 zuwa 0x7EF. Lambobin da ke da 0x a gaba heks ne, kowane harafi bit 4. Waɗannan lambobi 8 ba su bambanta ba sai a bit 3 na ƙarshe. To samfur 0x7E8, maski 0x7F8, shi ke nan, duk takwas ɗin sun shigo, saura sun tsaya a waje.

Matsalar ita ce aisi ba ya ba ka matata yadda kake so. MCP2515, wanda ke kan 'yan allunan nan masu araha da ake haɗawa da 'yar ƙaramar kwamfutar nan Arduino, maski 2 gare shi da samfur 6: maskin farko yana riƙe da samfur 2, na biyu yana riƙe da 4. Kwanturolan CAN da ke cikin ESP32, wata 'yar kwamfutar mai intanet a jiki, ya fi wannan rowa, matata ɗaya ce, ko ka raba ta biyu ta rage kaifi. STM32F103, shi ma 'yar kwamfuta, mai yalwa ne, gurbin matata 14 gare shi. Da Alhaji ya ga abin yana aiki sai ya fara ƙari, yau lambar laifin inji, gobe yawan man da ake sha, jibi wani abu. Nan da nan samfur 6 na MCP2515 ɗina suka ƙare. Daga nan ba makawa sai manhaja ta karɓi aikin.

Gwajin da aisi yake yi, layi ɗaya ne a C, harshen rubuta manhaja:

((lamba ^ samfur) & maski) == 0

Alamar ^ tana fito da duk inda lambar da samfur suka saɓa. Alamar & tana share saɓanin da ke ƙarƙashin rufi. In ba abin da ya saura, saƙon namu ne. Iyakar sirrin ke nan. Sauran duk abin da zan faɗa, kewaye ne da aka yi wa layin nan don kada ya ba ka kunya a hanya.

Fara da jadawali guda ɗaya tak a cikin manhajarka. Kowace doka a cikinsa abu huɗu take ɗauke da su: samfur, maski, alamar ko doguwar lamba ce ko gajeriya, da aikin da za a kira in saƙon ya dace. Na ukun nan kada ka raina shi. Gajeriyar lamba 0x100 da doguwar lamba 0x00000100 a lissafi abu ɗaya ne, amma a layi saƙo biyu ne da ba su haɗa komai ba. Akwai kuma saƙon roƙo, wanda ake kira RTR, mai lamba amma babu bayani a ciki. In ba ka kore shi ba, wata rana manhajarka za ta karanta fanko ta ce maka zafin inji ne.

Ka tsayar da ƙa'ida ɗaya a jadawalin: 1 a maski yana nufin a duba. Ko wane aisi za ka koma, kada ka taɓa jadawalin, sai dai ka rubuta ɗan aiki da zai juya shi zuwa yaren aisin. Ga dalilina. Da na tashi daga Arduino na koma ESP32 don in sami intanet a jikin akwatin da nake sawa a motar, sai na ce bari in buɗe ƙofa gaba ɗaya tukuna in ga komai yana shigowa. Na sa maski sifili, yadda na saba. Shiru. Na auna wayoyi, na sauya allo, na zargi soket ɗin motar, na kwanta a ƙarƙashin dashbod tun bayan Azahar har aka kira La'asar, ga zafin Jidda. Ɗan yayata ya dawo daga makaranta ya leƙa kwamfutar, ya ce, "Kawu, ai wannan a juye yake karantawa." Kwanturolan ESP32 tsarin wani tsohon aisi mai suna SJA1000 ya gada, kuma a can 1 ne ke nufin kada a duba. Sifilin da na sa, kulle ƙofa na yi da kwaɗo, ban bar kowa ba sai mai lamba sifili. Buɗe ƙofa a can shi ne 0xFFFFFFFF. Bayan juyin kuma akwai turi: a matata ɗaya, doguwar lamba ana tura ta hagu da bit 3, gajeriya da bit 21. STM32 ma yana da irin turin nan, amma maskinsa ba a juye yake ba.

Sai jeri. Saƙo ɗaya yana iya dacewa da doka biyu, to wace ce za ta ɗauka? Ni na farko da ya dace shi nake bai wa, kuma ina sa dokokin da suka kama lamba ɗaya cak a sama, masu faɗi a ƙasa. STM32 ma haka yake yi a jikinsa, jerin lambobi tsayayyu yana gaban maski. Kuma kada aikin tacewar ya ba da amsar i ko a'a kawai. Ya dawo da lambar dokar da ta kama, yadda aisi yake faɗa maka wace matata ce ta buɗe. Da wannan lambar za ka tafi kai tsaye wurin aikin da ya dace, ba sai ka sake bincike ba.

Doguwar lambar J1939 ba dunƙule ɗaya ba ce, kuma nan ne maski yake nuna amfaninsa. Bit 3 na sama fifiko ne, wa zai riga wa in an yi karo. Bit 8 na ƙasa adireshin mai magana ne, inji galibi sifili. Bit 18 na tsakiya su ne nau'in saƙon, abin da ake kira PGN. Juyin inji PGN 61444 ne, a heks F004, yakan zo a 0x0CF00400. Zafin ruwa 65262 ne, FEEE, yakan zo a 0x18FEEE00, kuma bayit na farko ka cire 40 ka sami digiri. Gudun mota FEF1, shan mai FEF2, man da ke tanki FEFC. Shawarata, rufe fifikon, domin wani mai ƙera yana iya sauya shi. Adireshin kuwa ka buɗe ido. Na tanki ba lallai daga inji yake fitowa ba, in ka kafe sai sifili ba za ka taɓa ganinsa ba. Wani lokaci kuma ƙwaƙwalwa biyu ne ke aiko da PGN ɗaya, ɗaya da gaskiyar lamba, ɗaya da 0xFF a gurbin, alamar ba ta da wannan bayanin. In ka karɓi duka biyun, allurarka za ta riƙa tsalle kamar an tsikare ta. Maskin da ke duba PGN kaɗai shi ne 0x03FFFF00, wanda ke haɗawa da adireshi kuma 0x03FFFFFF.

Akwai tarko a nan. Idan bayit na sama na PGN bai kai 240 ba, wato F0, to bayit ɗin da ke bin sa ba cikin nau'in saƙo yake ba, adireshin wanda aka aika wa ne. Irin waɗannan sai ka rufe wannan bayit ɗin, maski ya zama 0x03FF0000. Ka riƙe wannan, zai dawo mana a gaba.

Maganar sauri ba ta da yawa. Doka 10 ko 20, bi su ɗaya bayan ɗaya, babu abin da zai same ka. In gajerun lambobi ne kuma suna da yawa, yi taswira: lamba 2,048, kowace bit ɗaya, bayit 256 ke nan, ko Arduino Uno mai bayit 2,048 na ma'aji zai ɗauka.

taswira[lamba >> 3] & (1 << (lamba & 7))

Dubawa ɗaya ka gama, ko lamba 5 kake so ko 500. Doguwar lamba ba ta yin taswira, domin sun haura miliyan 536, sai ka tanadi megabayit 64. A nan sai ka ciro PGN, ka jera naka daga ƙarami zuwa babba, ka riƙa raba jerin biyu kana nema. Ko 1,000 ne, taki 10 ya kai ka.

Yanzu ga inda aka fi yin asara. Abin da matatar aisi take saya maka ba wayo ba ne, lokaci ne. Saƙon da ta kora bai taɓa tayar da kwamfutarka ba. Ranar da ka buɗe ƙofa, kowane saƙo sai ya ƙwanƙwasa. MCP2515 akwatin karɓa 2 kawai gare shi. In duka biyun suna cike na uku ya iso, ya tafi ke nan, sai dai wata 'yar tuta da za ta tashi a rajistar EFLG, wadda yawancin mutane ba sa dubawa. A layi mai cunkoso, abin da kake da shi bai fi milisakan guda ba.

To ga abin da na yi da farko, kuma na san ba ni kaɗai ba ne. Duk saƙon da ya shigo sai in buga shi a allon kwamfuta in gani. A gudun 115,200 kowane harafi yana cin kusan maikirosakan 87, layi mai harafi 40 ya kai milisakan 3 da rabi. Arduino yana da ɗan ma'ajin harafi 64, da ya cika sai komai ya tsaya jira. A cikin wannan jiran saƙo 6 sun wuce. Na juyin inji bai dame ni ba, don yana zuwa sau da yawa a sakan, in ka rasa wannan ka kama wancan. Amma na zafin ruwa, wanda saboda shi aka yi aikin gaba ɗaya, sai ya yi ta ɓacewa. Mai kuɗi ya ɓace a cikin tarkace.

Maganin shi ne raba aiki gida biyu. Idan saƙo ya iso, aisi yana kaɗa ƙararrawa ta ƙafarsa ta INT, kwamfuta ta saki abin da take yi ta zo. A cikin amsa ƙararrawar nan abu uku kawai za ka yi: ɗauko saƙon, gwada shi da jadawali, in ya dace ka ajiye a layin jira. Ba bugawa, ba lissafin digiri, ba aikawa ta intanet. Layin jiran zobe ne mai gurbi 32, da yatsa biyu, ɗaya na nuna inda za a ajiye, ɗaya na nuna inda za a ɗauka. Ƙararrawa ce kaɗai ke motsa na farko, babbar manhaja ce kaɗai ke motsa na biyu, don kada su yi karo. Gurbi 32, kowane bayit 16, bayit 512 ke nan.

Dabaru biyu na MCP2515 da na sha wuya kafin in gane. Na ɗaya, umarnin karanta akwati yana share tutar akwatin da kansa da zarar ka saki ƙafar CS, wadda ake riƙewa yayin magana da aisin. Don haka karanta bayit 4 na lambar tukuna, in tarkace ne ka saki nan take, ba sai ka kwaso sauran 9 ba. Na biyu, ƙafar INT tana zama a ƙasa muddin akwai saƙon da ba a ɗauka ba. In ka saita ƙararrawa ta kaɗa a lokacin faɗuwar ƙafar kawai, kuma saƙo na biyu ya shigo kana tsakiyar ɗaukar na farko, ƙafar ba za ta tashi ba balle ta sake faɗuwa. Akwatinka zai yi tsit kamar an ɗauke wuta. Kada ka fita daga amsa ƙararrawa sai ka ga ƙafar ta koma sama.

Ka kuma ajiye ƙirga uku: nawa aka karɓa, nawa aka kora, nawa suka ɓata saboda cikar akwati ko zobe. Na ukun nan ina aika shi tare da zafin inji. In ya motsa daga sifili, na san akwai magana.

Kada kuma don manhaja ta iya, ka yi watsi da matatar aisi. Matan gida ba sa zuba tsaki kai tsaye a rariyar laushi, sai sun fara bi da mai manyan idanu. Aisi shi ne mai manyan idanun. Manhaja za ta iya lissafa masa maski da kanta daga jadawalin: ɗauki lamba ta farko, gwada ta da kowace ta hanyar ^, tara duk inda aka sami saɓani, ka rufe waɗannan gurabun. Ga nawa misalin. FEEE, FEF1, FEF2 da FEFC ba su saɓa ba sai a bit 5 na ƙasa. Maski 0x03FFE000 da samfur 0x00FEE000 za su bar FEE0 zuwa FEFF, PGN 32 ke nan, manhaja ta tsince huɗun da take so. Amma in ka cusa F004 a cikin rukunin, bit 11 ne za su rufe, ƙofa ta buɗe wa PGN 2,048. Bare ɗaya ya ɓata gayya. Shi ya sa ake ware shi a ba shi nasa maskin. Ƙa'idar ita ce duk bit ɗin da ka rufe ya ninka masu shigowa biyu, to ka haɗa masu kama da juna wuri ɗaya. A ESP32 mai matata ɗaya kuwa, wani lokaci gara ka buɗe duka, yana da ƙarfin ɗauka.

Akwai inda manhaja ta fi aisi ma. MCP2515 ba ya yarda a sauya masa matata sai an mai da shi yanayin saiti, kuma a wannan ɗan lokacin kurma ne. A manhaja kuwa jadawali biyu za ka ajiye, ka gyara wanda ba ya aiki, sannan ka juya manuni sau ɗaya. Ko saƙo ɗaya ba zai faɗi ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ba a gwajin manhaja a motar da ta ɗauko baƙin Allah. Nan ne Linux ya yi mini rana. Tun 2008 yake da tsarin SocketCAN a cikinsa, wanda ma'aikatan binciken Volkswagen suka ba da gudummawarsa, kuma tacewarsa ta manhaja ce, da irin lissafin nan namu, 1 na nufin a duba. Na sa adafta a kwamfuta, na hau mota ɗaya daga gareji zuwa filin jirgi da dawowa, na naɗe duk abin da ya bi layin:

ip link set can0 type can bitrate 250000 listen-only on
ip link set up can0
candump -l can0

Da na dawo warsha sai na ƙirƙiri layin ƙarya a cikin kwamfutar, na sake kunna naɗin a kansa:

ip link add dev vcan0 type vcan
ip link set up vcan0
canplayer -I tafiya.log vcan0=can0

A wata tagar kuma na sa candump vcan0,00FEE000:03FFE000 ya tace da nasa hannun. Abin da ya fitar da abin da aikina ya fitar dole su zo ɗaya, in sun saɓa to laifin nawa ne. Aikin tacewar ka rubuta shi yadda bai san wane aisi ne a ƙarƙashinsa ba, lamba ta shiga, amsa ta fito, don ka iya gwada shi a kwamfutar tebur. In gajerun lambobi ne ma, ka zuba masa duka 2,048 ɗin ka ƙirga waɗanda suka wuce. In ka yi tsammanin 8 ka ga 16, akwai bit ɗin da ka rufe ba da niyya ba.

Kalmar listen-only da ke cikin umarnin can, yanayin sauraro zalla ne, kuma ina so a fahimce ta. Tacewa ba ta mai da kai ɓoyayye. Kwanturola yana amsa "na ji" ga duk lafiyayyen saƙon da ya bi layi, ko matata ta karɓa ko ta kora. In kuma ka saita gudu ba daidai ba, zai ɗauka kowa ne ke kuskure, ya yi ta watsa ƙorafi a layin da birki da giya suke magana. Allunan nan masu araha wasu kiristal ɗinsu, wato ɗan ƙarfen da ke ba aisi bugun lokaci, MHz 8 ne wasu 16, ka karanta abin da ke rubuce a jikin ƙarfen kafin ka gaya wa manhaja. A yanayin sauraro zalla ko ka yi kuskure ba ka taɓa layin ba. Sannan layi yana da rizisto mai ohm 120 a kowane ƙarshe, in ka kashe mota ka auna tsakanin wayoyin biyu za ka ga kusan 60. Allonka in yana da nasa 120 ɗin, cire 'yar gadar da ke haɗa shi.

Wani abin kuma ba laifin rariya ba ne. Awannin aikin inji, PGN 65253, a tsarin J1939 sai an roƙa ake bayarwa. In kana sauraro zalla, ko ka buɗe ƙofa har bango ba lallai ya zo ba, sai in wata ƙwaƙwalwar ta roƙa ka tsinta.

Saura labarin lambar laifi. Inji yana shelar laifuffukansa a PGN 65226, FECA, wanda ake kira DM1. Na sa masa doka, na gwada ta hanyar zare soket ɗin wata sansa, laifi ya fito a wayar Alhaji, kowa ya yi murna. Ana tsakiyar azumi direba ya kira ni daga wani masaukin hanya wajen Madina, ya ce, "Mu'allim, fitilar inji ta kama, amma Alhaji ya ce shi bai ga komai ba." Da motar ta dawo na naɗi layinta. Laifi biyu ne a lokaci ɗaya. Saƙon DM1 bayit 2 ne na fitilu, sai bayit 4 ga kowane laifi. Laifi ɗaya yana shiga cikin bayit 8. Biyu kuwa 10 ne, ba su shiga. Sai injin ya daina aikowa da lambar FECA a goshi, ya koma aikowa gunduwa-gunduwa: sanarwa a PGN EC00, gutsattsarin a EB00, duka zuwa adireshin kowa da kowa, FF. Rariyata kuwa ta kore su duka, don ban san su ba. Wato motar da ta fi ciwo ita ce ta fi yin shiru a wayar Alhaji.

Gyaran doka biyu ne, samfur 0x00EC0000 da 0x00EB0000, maski 0x03FF0000, tunda EC da EB ba su kai F0 ba. Amma ba laifin inji kaɗai ke bin wannan hanyar ba, duk dogon bayani nan yake bi. Sunan ainihin saƙon yana cikin sanarwar, a bayit na 6 zuwa na 8, inda babu matatar aisin da na ambata da ke iya leƙawa. Sai manhaja: in bayit na farko 32 ne, alamar sanarwa ga kowa, kuma na 6 zuwa na 8 suka ba da CA, FE, 00, to ta riƙe adireshin mai maganar, ta karɓi gutsattsarinsa bisa lambar jeri da ke bayit na farkon kowanne, bayit 7 a kowane guntu, har su cika. In wani PGN ne, ta bar gutsattsarin su wuce. Na zare soket biyu a gaban direban, muka tsaya muna kallon wayar, laifi biyu suka fito. Ya ce in mayar masa da sokets ɗinsa, yana da lodi bayan Tarawihi.